Kuɗin porje: suna ƙara zumunci ko suna raba kan gari?

Ɗan_Gulbi:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san ƙauye ciki da bai, musamman mutanen Gidan Rumji, Mayahi, Dakoro da Tasawa. Kuɗin nan da porje-porje, wato shirye-shiryen agaji na gwamnati da ƙungiyoyi, ke ba mata duk wata da sunan tallafa wa talaka, an fi shekara goma ana yi a jihar nan ta Maradi. Ni dai a ganina suna kashe taimakon juna. Da, in rumbun mutum ya ƙare tsakiyar damina, wansa ko maƙwabcinsa zai aiko yaro da tiya biyu ta hatsi ba tare da an roƙa ba. Yanzu kuwa sai ka ji an ce "ai matarsa na cikin listi, sun fi mu." Wanda ba a rubuta ba kuma ya ƙullaci wanda aka rubuta. To ina amfanin jikka goma (sefa 10,000) in za ta raba ka da ɗan'uwanka?

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Gulbi, wane "da" kake nufi? Mu da muka ga yunwar 2005 da idonmu ba za a gaya mana maƙwabci na aiko da tiya biyu ba. Shekarar nan kowa ya ja ƙyaurensa, don shi ma babu. Mata sun cika wuraren da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka buɗe a nan Maradi, yara a goye duk sun ƙanjame, hatsi kuwa ga shi a kasuwa amma ba kuɗin saye. Taimakon juna yana tafiya ne in ɗaya na da shi ɗaya babu. In gari duka babu, wa zai taimaki wa?

Mai_Kanti_Kornaka:
Hajiya ta hwaɗi gaskiya. Ni mai kanti ne, littahin bashi shi ne shaidata. Kahin a sa mace cikin listi, in ta zo neman sabulu ko gishiri ko mai bashi, sai in ta kame-kame, don na san ba ta da ranar biya. Tunda anka hwara ba su kuɗin sai na buɗe ma kowace shahi da sunanta. Ranar da anka biya su, kahin la'asar na soke rabin shahukan. Wasu ma sai sun biya ni sannan su shiga gida. Ko ba ku kira shi zumunci ba, to mutunci ne, don mutumin da ake iya ba bashi ya shiga cikin mutane.

Mushen_Tibiri:
Bari a rarrabe zancen don kar mu cuɗa abubuwa. Kuɗin iri biyu ne. Akwai na gaggawa, wanda PAM (hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya) da ƙungiyoyin agaji ke rabawa wata uku ko huɗu lokacin da rumbu ya ƙare, kafin sabon hatsi ya nuna. Akwai kuma na gwamnati, shirin Filets Sociaux, wanda aka soma a 2011 da kuɗin Bankin Duniya, ƙarƙashin ofishin firaminista. Shi ne ya fara da sefa 10,000 duk wata har wata 24, a jihohin Dosso, Maradi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. Mace ake damƙa wa a hannu, kuma ana haɗa shi da zaman faɗakarwa: shayar da nono zalla wata shida, wanke hannu, kwana cikin gidan sauro, sa yara lakkal. Na gaggawa ya zo ya wuce ne. Na wata 24 shi ne ke da lokacin da zai taɓa zaman mutane, don haka ina ganin shi Ɗan_Gulbi ke nufi.

Ɗalibin_UDDM:
Mushe, ƙari kaɗan. A kashi na biyu na shirin, wanda aka raɗa wa suna Wadata Talaka, an ɗaga kuɗin zuwa 15,000. Kuma masu bincike na Bankin Duniya da suka bi sawun kashin farko sun gano abin da gidajen ke ci da kashewa ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma mafi yawan ƙaruwar a gidajen da fari ya taɓa aka gan ta. Wato kuɗin sun fi nuna kansu a muguwar shekara.

Bagobiri_Na_Asali:
Wadata da jikka sha biyar? Ko buhun hatsi guda ba ta saye in damina ta tsaya. A dai samo wani suna.

Ɗiyar_Inna:
Ina karanta wa mahaifiyata abin da kuke rubutawa, ta ce in gaya wa Ɗan_Gulbi cewa maza ba su san inda kuɗin ke shiga ba. Ta karɓa shekara biyu a ƙauyenmu can yammacin Mayahi. Ga yadda take yi. Ranar biya tana dawowa za ta shimfiɗa kallabi a kan gado ta baje takardun. Na farko na asusu, wannan ba a taɓa shi. Sai na mai kanti. Sai ta ba Baba wani abu ya auno hatsi ranar kasuwa. Sai ta ƙulle ɗan canji a bakin zane ta aika wa kakarmu, ta aika wa ƙanwarta da mijinta ya tafi bida Libiya shiru ba labari. Abin da ya rage shi ne na biki.

A kan bikin ne take son ku tsaya. Ku maza kun ɗauka biki almubazzaranci ne, alhali bashi ne tsakanin mata. Wadda ta kawo miki dala ɗari ranar sunanki, in nata ya zo sai kin mayar da abin da ya fi haka, kuma ba wadda ke mantawa ko da ba a rubuta ba. In kika kasa sau ɗaya, sau biyu, an daina sanar da ke. Inna ta ce akwai shekarar da in ta ji guɗa a gari sai ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo, don kar ta je hannu sake. Macen da ta fita daga biki kuwa, ranar da ɗanta ya kwanta ciwo ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Da kuɗin suka zo ta koma zuwa suna da aure, ta biya tsofaffin bikin da ake bin ta. Lokacin da aka aurar da yayata matan nan ne suka haɗa kayan ɗaki, bayan an daina ba ta kuɗin da daɗewa.

Uwar_Biyu:
Allah ya yi wa Inna albarka. Ku gaishe ta. Wannan magana ita ce ba a rubuta ta a rahoton kowane porje.

Na_Bakin_Tasha:
Duk wannan daɗin baki ne. Kowa ya san mace na karɓa a gaban ma'aikata a ɗauki hoto, tana fita mijinta na jiran ta a gindin bedi. Sunanta ne a takarda, aljihunsa ne ke cika. Wani ma ya ƙara aure da su.

Ɗalibin_UDDM:
Na_Bakin_Tasha bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Masu binciken cibiyar LASDEL da ke Yamai, su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun zauna a ƙauyuka sun rubuta cewa sau da yawa matar na miƙa wa miji kuɗin, don a al'ada ciyar da gida a wuyansa yake. Sun kuma ga wuraren da bayan ma'aikata sun tafi ake sake raba kuɗin tsakanin mutanen gari, saboda mutane ba su yarda da yadda aka zaɓi wasu aka bar wasu ba. Amma miƙa wa miji ya auno hatsi daban, ƙwacewa daban.

Ungozoma_Agye:
Malam Na_Bakin_Tasha, da jikka goma zai ƙara auren? Ko goron tambaya ba su kai ba. Akwai mazan banza, ba a musu, na san wanda ya sha shayi da sigari da kuɗin matarsa. Sai dai a cikin matan da nake gani wurin awo, waɗanda suka ce faɗa ya ragu a gida sun fi waɗanda suka ce ya ƙaru yawa nesa. Galibin rikicin miji da mata a ƙauye a kan cefane yake tashi. Ita ta ce yara ba su ci ba, shi kuma kunya ta juye masa zuwa faɗa.

Amarya_Ba_Laifi:
Ba wanda ya taɓo batun kishiyoyi. A gidan mace biyu ko uku, mutum ɗaya ake rubutawa, kuma galibi uwargida. To ni da ƴaƴana huɗu fa? Tukunya ɗaya ce ranar girki, na yarda, amma sabulu da takalmin yaro da kuɗin magani kowa ɗakinta. Tamu uwargidan mai tsoron Allah ce, tana ba ni wani abu duk wata. Amma sai in ce na gode kan abin da aka bayar da sunan gidan duka, har da yarana aka ƙirga.

Hajiya_Ta_Bagalam:
Ƙanwata, ki gode Allah tana ba ki. Wasu ko ƙwandala. Ni na san gidan da maigidan ne ya zaunar da su ya yanke: wata guda wannan, wata guda waccan. Suka zauna lafiya har aka gama.

Tsohon_Mai_Anketi:
Na yi aikin rubuta gidaje ma wani porje, ba zan faɗi suna ba. Bari in faɗa muku yadda listi ke fitowa, don yawancin gabar da Ɗan_Gulbi ke magana daga nan take farawa. Ba mu ke zaɓe ba. Muna shiga gida da tambayoyi: mutum nawa ke ci a tukunyar nan, rufin ɗaki na kara ne ko na ƙasa ko kwano, akwai amalanke, akwai awaki nawa, maigida ya yi lakkal. Amsoshin ake zubawa a kwamfuta ta ba kowane gida maki, a ja layi. Wanda ke ƙasan layi ya shiga. Matsalar ita ce a ƙauye gida na 40 da gida na 41 ba abin da ya raba su, wataƙila tunkiya guda. Ɗaya ya samu shekara biyu, ɗaya ko sisi. Ta yaya za ka fahimtar da shi?

Mutane kuma sun waye. Kana shiga gari za ka ga yara na kora awaki bayan gari, an tura babur gidan maƙwabci. Na taɓa zama a tsakar wani gida, maigidan na rantsuwa ba shi da ko kaza, ga turke huɗu a gabana da ɗanyen kashin awaki. Na dube shi ya dube ni. Na rubuta abin da ya faɗa, don shi ma ɗin talaka ne, awaki huɗu ba su fitar da kowa daga talauci.

Bagobiri_Na_Asali:
To me ya hana a bar maigari da liman su zaɓa? Su sunka san wanda ya kwana da yunwa.

Tsohon_Mai_Anketi:
An gwada, Alhaji. Ana tara gari a kafa kwamiti su jera gidaje daga mai ƙarfi zuwa marar ƙarfi. Wani wuri ya yi kyau. Wani wuri sai ka tarar dangin ƴan kwamitin duk sun zama matalauta rana ɗaya. A nan Nijar an yi binciken da ya gwada hanyoyin gefe da gefe, kuma abin mamaki, waɗanda ba su samu ba sun fi yarda da zaɓen lissafi a kan na kwamitin gari. Ni na gane dalili. In kwamfuta ta bar ka, ka ce rabo. In maƙwabcinka ne ya ɗaga hannu ya ce ba ka cancanta ba, kullum za ku haɗu a masallaci.

Ɗan_Gulbi:
Yauwa, kun zo inda nake. Ɗiyar_Inna ta ba mu labarin wadda ta samu, kuma na ji daɗinsa. Amma wa zai ba mu labarin gida na 41?

Gida_Na_41:
Ga ni, har na sake suna saboda ku. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata na zaune cikin gidan wana, aka ƙirga su gida ɗaya. Wana na da shanun noma biyu, shi ke nan aka bar su. Ita kuwa ba ta da komai sai gamana ɗaya da ba ta iya nomewa. Maƙwabciyarta da suke daka tare tun suna amare ta samu. Ba su yi faɗa ba, ba wanda ya zagi wani. Amma ranar biya tsohuwa ba ta fita rijiya, don kar ta ga masu dawowa. Maƙwabciyar na aiko mata da ɗan wani abu, tana karɓa, sai dai ta ce da su biyu suna ba juna ne, yanzu ita ake ba. Ni nake aiko mata ta kamfanin aika kuɗi na NITA daga Agadas in na samu.

Uwar_Biyu:
Allah sarki. Wannan kam da ciwo. Amma ɗana, ka lura maƙwabciyar ba ta daina aikowa ba.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni abin da ke damuna ba porje ba ne, mu ne. Da masu gona suna fitar da zakkar hatsi yadda shari'a ta ce, dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar in ya kai nisabi, kuma da attajiran garin nan suna fitar da ta dukiya suna kai ta inda ta dace, da irin wannan tsohuwa ba ta jira listin kowa ba. Maradi ba garin matsiyata ba ne, kowa ya san irin dukiyar da ke shiga da fita tsakaninmu da Katsina da Kano. Kuma wanda ya ce ya daina taimakon ɗan'uwansa don matarsa na cikin listi, dama can neman hanyar zillewa yake. Haƙƙin zumunci bai faɗi don wani ya ba da jikka goma ba.

Zabarma_a_Maradi:
Malam ya gama magana. Amma a bar Gobirawa cikin listi dindindin don Allah, su da ko sun samu a hura za su ƙare.

Bagobiri_Na_Asali:
Ji bawana. Kai da munka ba masauki a Sabon Gari, yau kai ke rabon listi? Kawo kuɗin haya tukun.

Bakatsinen_Jibiya:
Ku ma kuna da sauƙi. Mu a Najeriya lokacin Buhari naira 5,000 ne a wata, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000, har da kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido aka zuba a ciki. Koke-koken iri ɗaya ne da naku: wa ya rubuta, me ya sa aka tsallake wance. Bambancin kawai sefarku ba ta zube yadda naira ta zube ba.

Ungozoma_Agye:
Ina so in dawo kan lafiya, don Ɗan_Gulbi ya tambayi amfani. Akwai ciwon da mata ke kawo mana wanda ba ya fita a gwajin jini. Ta ce kai na sara, zuciya na bugawa, ba ta barci. Ka auna ba zazzaɓi. In ka zauna da ita sai ka ji miji ya tafi Kano ko Aljeriya, an yi jinginar gona, surukai na kallon ta, yara biyar. Tunani ne. Abin da na lura ga masu karɓa duk wata shi ne ba yawan kuɗin ke kwantar musu da hankali ba, sanin ranar zuwansu ne. Mace ta san ƙarshen wata akwai abu, sai ta iya kawo yaro asibiti ranar da zazzaɓi ya fara, ba sai ya sanƙame ba, don ta san mai babur zai yarda ya jira ta. Amma kar a ce kuɗin sun kawar da tamowa. Har yanzu ina ganin yaran gidajen da ke karɓa a layin awo da siraran hannuwa. Kuɗi na shiga tukunyar mutum goma sha, ba bakin yaron kaɗai ba, ga zazzaɓin cizon sauro ga gudawa.

Ɗalibin_UDDM:
Abin da Malama ta faɗa ya yi daidai da binciken da ya fito a mujallar Nature a 2022, kuma a ƙasar nan aka yi shi, har da jihar Maradi. Matan da ke karɓar kuɗin wata-wata aka ƙara wa abubuwa. Duka an sa su a ƙungiyar asusu, an koya musu sana'a, an ba su mai bi yana ba da shawara. Sannan wasu aka ba su jari sefa 80,000 a dunƙule. Wasu ba a ba su jarin ba, sai aka yi musu horo kan yarda da kai, yanke shawara da iya magana, aka kuma tara gari duka, maza da mata da dattawa, aka nuna musu majigi aka tattauna kan sana'ar mata. Kashi na uku aka haɗa musu duka biyun. Dukkansu sun samu ƙarin kuɗin shiga da abinci da kwanciyar hankali. Amma in aka auna da abin da aka kashe, waɗanda ba a ba jarin ba su ne suka fi riba. Ni abin da na ɗauka a nan: da aka sa miji da maigari da suruka cikin zancen, sai matar ta samu sarari.

Na_Bakin_Tasha:
Wato majigi ya fi jikka tamanin? Ku ƴan jami'a ba abin da ba za ku faɗa ba. A ba ni tamanin ɗin, ku riƙe majigin.

Hajiya_Ta_Bagalam:
Ku dai yara ne. Asusun nan da ake ta yayi a duniya, a nan jihar aka haife shi. Mata Masu Dubara, 1991, ƙungiyar CARE ta fara da matan ƙauyukan Maradi, daga nan ya bazu ƙasashe. Ba a ba mu ko dala ba. Akwati ne da ƙwado, kowace ta zuba abin da ta iya duk mako, a ba mai buƙata rance ta mayar da ɗan ƙari, a ware wani abu na taimako in an yi rasuwa ko gobara. Kafin shi ma muna da adashi. Abin da kuɗin porje suka yi shi ne sun ba wadda ba ta da abin zubi damar zama a tabarmar. Kuma a ƙungiyoyi da yawa akwai waɗanda ba su cikin listi, suna cin rance daga akwatin da masu listi suka cika. Gida_Na_41, ka tambaya ko akwai asusu a unguwarsu, ka riƙa aiko mata na zubi. Ba don kuɗin kaɗai ba, don ta riƙa fita tana zama cikin mata.

Gida_Na_41:
Na gode Hajiya. Akwai, ranar Laraba suke zama. Zan yi mata maganar.

Sarkin_Shakka:
Tambaya ga mai kanti, kuma ya ji tsoron Allah. Ranar biya ba ku ƙara wa kaya kuɗi?

Mai_Kanti_Kornaka:
Ni ban ƙarawa, don ranar nan bashi nika amsa. Masu awon hatsi a kasuwar ƙauye, in sun ji an biya, wasu kan ɗan taɓa tiya, gaskiya. Amma ba ya daɗewa, don in ka tsawwala mace ta jira kasuwar gaba. Abin da ke tada hwarashi da gaske iyaka ce da damina. Lokacin da ƙungiyar ƙasashen yammacin Ahirka, CEDEAO, ta ruhe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kun ga yadda shinkahwa da mai sunka tashi, ba porje ya yi wannan ba.

Abin da ya hi cutar da mu shi ne jinkiri. In anka ce wata-wata sannan anka yi wata uku shiru, matar ta ci bashi wajena, ta ci wajen mai hatsi, ta ci a asusu. Sai ta koma canza hanya don kar ta bi ta ƙohwar kanti. Mutuncin da na ce an samu, jinkiri na iya zubar da shi cikin sati biyu.

Mushen_Tibiri:
Wannan ita ce babbar damuwata. Kuɗin da ke zuwa daga waje ana iya rufe su rana ɗaya. Bayan juyin mulkin Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗi zuwa Nijar, sai a 2024 ya dawo. Talakan da ya shirya rayuwarsa a kan ƙarshen wata ba shi da hannu a siyasar da ta jawo haka. Batun farashi kuwa, a yammacin Kenya an raba wa gidaje kusan dalar Amurka 1,000 kowanne ta hannun ƙungiyar GiveDirectly, aka auna kasuwanni, farashi bai wani motsa ba, kuma waɗanda ba su karɓa ba ma cinikinsu ya ƙaru. Sai dai wani binciken a can ɗin ya nuna maƙwabtan da aka tsallake sun ji ransu ya ɓaci na ɗan lokaci. Kun ga duka biyun gaskiya ne, na Ɗan_Gulbi da na Hajiya_Ta_Bagalam.

Ɗan_Madarunfa:
Mu nan kudu matsalarmu daban. Tara mata a fili ana ƙirga kuɗi, a yankin da ƴan bindiga ke tsallakowa suna satar mutane da shanu, ai kiran masifa ne. A riƙa turawa ta salula mana.

Ɗalibin_UDDM:
An gwada tun 2010 a jihar Tawa, ƙungiyar Concern ta tura wa wasu ƙauyuka ta Zap, hanyar aika kuɗi ta salula ta kamfanin Zain, wasu kuma hannu da hannu. Gidajen da suka karɓa ta salula sun fi cin abinci iri-iri. Masu binciken sun danganta shi da cewa ba a ɓata yini a tafiya da layi, kuma matar ta fi samun ta cewa kan yadda za a kashe.

Amarya_Ba_Laifi:
Salular wa? A gidanmu waya ɗaya ce kuma a aljihun maigida take kwana. Wata ko karanta saƙon ba ta iya ba, sai ta ba yaron mai caji ya duba mata, gari duka ya ji.

Ɗiyar_Inna:
Wani ya tambaye ni ta bayan fage me ya rage wa Inna bayan wata 24. Awaki, da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ta ja jari daga asusu, kuma har yau tana zubi. Amma ta ce in faɗa muku kar a ɗauka kowa haka ne. Cikin waɗanda suka karɓa tare, akwai wadda ciwon miji ya cinye komai, akwai wadda ruwan 2024 ya rushe mata ɗakuna ta sayar da dabbobin ta gyara. Sun koma inda suke, sai dai asusun bai kore su ba.

Ɗan_Gulbi:
Na karanta duka. Batun biki da na bashi ban taɓa kallon su haka ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa jan layi tsakiyar ƙauyen da kowa talaka ne yana barin tabo, kuma ba wanda ke dawowa ya duba tabon. In kuɗin ba su isa kowa ba, me zai hana a rage a ba gari duka, ko a yi bi da bi?

Tsohon_Mai_Anketi:
In ka raba jikka goma gida uku, ba wadda za ta sayi akuya ko ta yi zubi, sai a cinye a gishiri da magi. Bi da bi ya fi ma'ana, in har akwai tabbacin zagaye na biyu zai zo. Wa zai ba da tabbacin?

Uwar_Biyu:
Ni kuma na ce a fara da zawarawa da tsofaffi, ba sai an tambayi rufin ɗaki ba. Kowa a gari ya san su, ba mai jayayya.

Gida_Na_41:
Tsohon_Mai_Anketi, don Allah tambaya. In aka sake zuwa rubutu, tsohuwar da ke cikin gidan ɗanta amma tana girkinta daban, ana iya rubuta ta ita kaɗai?

Tsohon_Mai_Anketi:
A aikin da na yi, tukunya muke bi, ba katanga ba. In tana da murhunta da hatsinta daban, gida ne mai zaman kansa ko da ƙofarsu ɗaya. Amma sai ta kasance tana nan ranar, ta faɗa da bakinta, don in wanka ne ya amsa tambayoyin zai ce shi ke ciyar da ita, ba zai yarda a rubuta akasin haka a gaban mutane ba. Ku kuma nema mata katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa tun yanzu.